Kwaɗo daga Koren Silifas

Baba ya iso New York da jaka ɗaya, da ledar maganin hawan jini, da magana ɗaya da yake maimaita mini kowace safiya: kafin sanyi ya shigo zai koma Bukuru. Mama ta rasu a farkon shekarar, gidanmu na can kuwa ba kowa sai ƙadangaru. Aikin jinya nake yi, na san abin da ke samun tsoho mai hawan jini idan ya zauna shi kaɗai, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da mijina Nataniyel, har fasto na kira. Baba Dalyop ya saurari kowa da ladabi, ya yi godiya, sannan ya juyo ya tambaye ni ko na duba masa ranar jirgi.

A ƙasan benenmu a Tompkinsville akwai shagon Hajiya Sherifa, inda muke sayen manja da garin kwaki da busasshen kifi. Mijinta Alhaji Gariba mutumin zangon Kumasi ne. Ya yi tuƙin tasi har bayansa ya ce ya isa, yanzu yana da ɗan teburi a ƙuryar shagon, tsakanin buhunan shinkafa. Wata rana na aiki Baba ya sayo daddawa, don kawai ya motsa ƙafa. Miya ta tafasa ta gaji da jira, na sauko neman sa.

Na same shi tsaye a kan Alhaji yana dariya, dariyar da ban ji ba tun kafin rasuwar Mama. Alhaji ya maƙala ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe, yana naɗa mata zare da gashin tsuntsu, a gabanta kuma ga wani ɗan dunƙulen soso mai kwarmin fuska. Ya ce sunan abin popper. A saman ruwa yake zama, idan ka fizge shi sai ya yi ɓul, kifin da ake kira bass ya ɗauka kwaɗo ne ya taso masa. Baba ya ce shi tun yana yaro yake fatsa a tafkunan da haƙar kuza ta bari, ya ga kifi ya ci tana, ya ga ya ci shinge, amma bai taɓa ganin kifin da ya haukace har ya ci gashin kaza ba.

"Dattijo, wannan kifin America ne," in ji Alhaji. "Ba abinci yake so ba, show yake so."

Tun daga ranar Baba ya sami wurin zuwa. Popper bai zauna a bakinsa ba, kwaɗo yake cewa, kifin kuma ya raɗa masa Mai Baki. Rigimarsu ta farko a kan ƙugiya ce. Ashe Baba ya zo da nasa ƙugiyoyin daga gida a cikin gwangwanin man zafi, baƙaƙe masu kauri, irin na kama tarwaɗa a ƙasan ruwa. Alhaji ya yi masa bayani cewa kwaɗo na son ƙugiya mara nauyi, mai dogon jiki da faɗin baki, saboda kan soson yana cin wuri, in bakin ya matse kifi zai kama ya tofar. Baba ya juya ƙugiyar Alhaji a tafin hannu, ya ce wannan ai allurar mata ce. Ya ɗaura kwaɗonsa a kan tasa, ya yi masa jela da ƙafafu, Hajiya ta kawo ruwa a baho aka jefa. Kwaɗon Baba ko sallama bai tsaya yi ba, ya wuce ƙasa kai tsaye. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe kanta, Baba ya tsamo kayansa ya ce ruwan nan ne bai da ƙarfi.

Washegari ya karɓi ƙugiyar Alhaji. Amma soson kanti ya ƙi shi fafur. Ya matsa shi da yatsa ya ce wannan lagwani ne, haƙorin kifi ɗaya zai yaga shi. Su a Bukuru, in suna son abin da zai yi iyo a kan igiyar fatsa, tsohon silifas suke yankawa, kuma bai taɓa ba su kunya ba.

Da yamma na dawo daga aiki na same shi a teburin cin abinci da reza a hannu. A gabansa ga koren silifas, ƙafa biyu, dunduniyar ta lotsa ta gefe ɗaya. Ko a cikin dubu zan gane shi. Da shi Mama take shara, da shi take bin kaji, da shi ta sha jifana ina yarinya. Ban san ya sako shi a jaka ba. Ya riga ya yanke gefen ƙafar dama, wurin da robar ta fi kauri.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Baba, na Mama ne fa."

"Na sani, Abigel." Bai ɗago ba. "Uwarki ba ta taɓa yarda abu ya zauna a gida ba ya aiki ba. Watanni ke nan yana kwance a jaka, da tana nan da na sha faɗa."

Na shige ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na zauna kusa da shi. Ya feƙe robar a hankali, ya kwarfe mata fuska, ya tsaga cikinta ya kwantar da ƙugiyar da gam. Jela ya yi da gashin zabo, wanda Hajiya ta roƙo masa a wurin masu yankan kaji, don ya ce ɗigo-ɗigon nan ya fi kama da ƙafar kwaɗo. Ido kuwa da jan farcena aka yi, ni na ɗiga masa. Ɗaya ya fi ɗaya girma. Muka jefa shi a kwanon wanke-wanke, ya zauna daram a saman ruwa yana kallonmu a karkace.

Ranar Asabar muka tafi tafkin Clove Lakes da hantsi. Ni tun da safe na jajjaga attaruhu da citta, na ajiye tukunyar farfesu a kan murhu, na ɗauko kular zuba kifi da ƙanƙara a ciki. Alhaji na ganin kular ya fashe da dariya. Ya ce a tafkunan gari ba a tafiya da kifi, doka ce, ka kama ka mayar. Ya ciro filaya, ya karɓi kwaɗon Baba, ya danne 'yar ƙayar nan ta bakin ƙugiya har ta kwanta, wai don kifi ya fita ba rauni.

Fuskar Baba ta canza. Ya ce a garinsu namiji ba ya dawowa daga ruwa hannu rabbana, ko ɗan ƙaramin karfasa ne sai ya kai wa matar gida. Ƙasar da za ka kama kifi ka ba shi haƙuri ka sallame shi, ba ƙasar zamansa ba ce. Gabana ya faɗi, na zauna a kan kular da ba ta da amfani.

Duk da haka ya karɓi sandar fatsa daga hannun Alhaji. Dama ya koyi wurgi a bayan shago, ba laifi, kwaɗon ya sauka kusa da wani kututture da ya faɗa ruwa. Ya bar shi har ruwan ya kwanta, ya fizga. Ɓul. Ya jira, ya sake. A karo na gaba ruwan ya tsage, na ga baki kamar ƙoƙon shan koko, sandar ta lanƙwashe. Baba ya dafe ƙafa, yana magana da kifin da yarenmu na Berom. Kifin ya nufi ƙarƙashin kututturen, igiyar ta goga, ta tsinke.

Kifin ya tafi da kwaɗon a bakinsa. Alhaji ya ce tunda ba ƙaya, kifin zai girgiza ya yar, wani lokaci ma abin yakan taso. Muka zauna muna kallon ruwa har rana ta take. Agwagi suka zo suka wuce, koren abu bai taso ba. Ni tausayin Baba ya kama ni, na kasa duban sa.

Can ya gyara murya ya ce laifinsa ne, ya bar kifin ya juya masa kai. Ya tambayi Alhaji har zuwa yaushe Mai Baki ke tasowa sama. Alhaji ya ce da ganye ya fara zuba shi ke nan, sai kuma an shiga watan Mayu.

"To duk tsawon sanyin me kuke yi?"

"Ɗaurin kwaɗi, Dattijo. Mu zauna kusa da hita mu yi ta ɗauri."

Baba ya daɗe yana naɗe igiyarsa. Sannan ya dube ni.

"Ƙafar hagun tana nan, ban taɓa ta ba," ya ce. "Ki nemo mini fitilar teburi mai haske, an ce duhu na yi da wuri a sanyin nan naku. Da riga mai nauyi."

Na ce to, na sunkuya kamar ina gyara murfin kula. A hanyar gida na tsaya a shagon Hajiya na sayi busasshen kifi, don attaruhun da na jajjaga ba zai jira watan Mayu ba.