Gudaji a Iskar Tauraro

Sau huɗu na'urar hangen taurari ta zagaya duniya tun safe, kuma duk wucewar da ta yi ta saman birnin Bengaluru na Indiya ta sauke bayanai, layi ɗaya mai nuna hasken tauraronta Nivedita ke gani a allo, a kwance, ko motsi babu. Shekara biyu ta yi tana roƙon wannan yinin, aka ba ta zagaye shida kacal. Digirinta na uku a kansu ya rataya, ga wa'adinta a cibiyar binciken zai ƙare a Yuli.

Taurari biyu take bibiya. Babban yana feso iska, ƙaramin yana kewaya shi yana haɗiya, abin da ya haɗiya kuwa shi ke fitowa da hasken X-ray. Ita ta kafe iskar ba sumul take ba, gudaji gare ta kamar kunun tambar da aka dama cikin sauri. In ƙaramin ya ci karo da guda, haske ya yi tsalle, in ya faɗa tsakani ya dushe. Magana mai daɗin ji, sai dai ba a kare digiri da layi kwance.

Kempanna, dattijon da ke tsara wa na'urar aiki, ya dire mata kofi a gabanta.

"'Yata, tauraron nan naki barci yake ko ya riga mu gidan gaskiya?"

"Tsakanin gudaji yake, Baba. Zai tashi."

"Tun shayin ƙarfe goma kike faɗin haka. Masu binciken birnin Pune sun hana wayata sakat, wani tauraro ya fashe musu, suna son a juya na'urar gare shi. In kika saki zagaye na shida da kanki, zan sa ki a layin Mayu, in an samu gurbi. In kika riƙe ya fito fanko, kwamitin rabon lokaci ba zai ƙara kallon takardarki ba."

"To bari in ga na biyar tukuna."

"Kin fi ni sanin ba haka ake yi ba. Umarni ke fara hawa, sannan bayanai su sauko. Minti bakwai ya rage ta iso samanmu."

Ta yarda da gudajin nan fiye da yadda ta yarda da kanta, amma tsoro ya fi ƙarfinta, kuma ta san tsoron ne ya ɗauki biron. Ta sa hannu a takardar sakin zagayen. Kempanna ya aika umarnin, na'urar ta amsa.

Sai bayanan zagaye na biyar suka fara sauka. Layin ya taho a kwance, har ta ji ɗan sanyi a ranta. Ana saura minti uku ya ƙare, ya ɗago. Ya ninka, ya sake ninkawa, yana cikin hawa ya kai bakin allo ya yanke.

"Baba, a juyo da na'urar."

Kempanna ya cire tabarau ya dubi agogon bango.

"Ta wuce mu, 'yata. Sai bayan awa ɗaya da rabi za ta sake jin muryarmu, lokacin na shidan ya ƙare."