Ƙwarin da Tela Benson Ya Ɗinka

Tela Benson na Barnawa ya kai shekara hamsin da takwas bai taɓa ganin kifin da ake kira tirawut ba, kuma in ba wani ikon Allah ba, haka zai koma ga Mahaliccinsa bai gan shi ba. Duk da haka, wata biyu cur ya kwashe yana shirya wa wannan kifi abinci.

Ɗansa tilo, Tony, ma'aikacin jinya ne a Sikotlan, yau shekara tara ke nan. Ranar da zai tafi sun yi cacar baki, don Benson ya so ya gaji shago, har ya ce masa in ya tsallake ƙofar nan, to kada ya ƙara ɗaukarsa uba. Irin maganar nan ce da mu iyaye maza kan yi da safe, mu zaci kafin la'asar iska ta tafi da ita. Tony kuwa yaro ne mai jin magana, sai ya ji.

Lokacin da Saratu matar Benson take raye, ba a ga zurfin ramin ba. Ita ake kira, ta buɗe muryar waya ta ajiye a kan tebur, shi kuma ya yi kamar yana yankan yadi alhali almakashin iska yake yanka. Bara Saratu ta rasu. Tun daga nan Tony kan kira ranar Lahadi: ina wuni Baba, yaya aiki, yaya sanyi, sai an jima. Benson ya duba fuskar wayar ya ga sakan arba'in da bakwai. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: kira ɗaya mai tsawo, wanda mutum zai samu wurin da zai ce, maganar nan ta ƙofa, na janye ta.

Wata rana ya ci karo da hoton Tony a Fesbuk, tsaye cikin rafi ruwa har cinya, riƙe da wani kifi mai ɗigo-ɗigo, yana dariya. Benson ya ajiye rigar da yake wa kalmasa. Shi ya koya wa yaron nan fatsa, ran Asabar-Asabar, a bakin kogin Kaduna. Ya shiga kallon bidiyo har idonsa ya yi ja, ya gano cewa tirawut kifi ne mai ji da kai. Masu kama shi ba tsutsa suke sa masa ba. Ƙwaron bogi suke haɗawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, su jefa ya sauka a saman ruwa a hankali, kifin ya taso ya cafke.

"Ashe ɗinki ne," in ji Benson. Ya ji kansa ya yi girma.

Gashi bai yi wuya ba. Zakaran maƙwabta ya ba da gudummawar wuyansa ba da son ransa ba, mai sayar da zabi kuma ya bar shi ya tsinci abin da ya zube. Zare kuwa, gidansa aka zo. Saura ƙugiya, sai ya hau keke zuwa Makera wajen Malam Zakariyya'u, wanda yake sayar masa da kayan fatsa tun Tony na goye.

"Tela, kai ne a gari? Na zaci kifayen sun yi maka ritaya."

"Su ne dai suka tsufa, Malam. Ƙugiya nake so."

Ya nuna masa bidiyon. Malam Zakariyya'u ya kalla sau biyu, sannan ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur, ya zuba masa wasu 'yan ƙugiyoyi a tafin hannu, sirara kamar gashin ido.

"Irin waɗannan ne a hannun Baturen nan."

"Haba Malam! Wannan ai ko ɗan kunne ba za a yi da ita ba. Ba ni ta gaske, ta tarwaɗa."

"Ta tarwaɗa don ƙasan ruwa aka yi ta. Kai kuma ka ce abin naka a sama zai zauna."

"Bature bai san kifi ba."

Benson yana da dalilinsa, bai dai faɗa ba. Tony na ɗan shekara goma, wata ƙatuwar tarwaɗa ta kama fatsarsa, ya ja ta har bakin gaɓa, sai siririyar ƙugiyar ta miƙe, kifin ya tafi. Yaron ya fashe da kuka. Maimakon lallashi, Benson ya ce masa namiji ba ya kuka a kan kifi. Daga ranar bai ƙara sayen ƙugiya siririya ba. A ganinsa ya gyara kuskuren ke nan.

Ya haɗa ƙwari goma sha biyu. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. Akwai mai fiffiken zabo, akwai mai jan wuya kamar ɗan ƙungiyar mawaƙan coci. Ya jera su a gwangwanin alewa bisa auduga.

Lydia, ƙanwar Saratu, ita ma can Sikotlan take aiki, ta zo hutu, saura kwana uku ta koma. Ta biyo karɓar saƙo da rana tsaka. Ta buɗe gwangwanin, ta daɗe tana kallo. Ya nuna mata hoton Tony da kifin.

"Baban Tony, yaushe ka ga hoton nan?"

"Wata biyu. Me ya faru?"

"Ba komai. Ka dai gwada su a ruwa?"

Bai gwada ba. Tela ba ya wanke riga kafin ya ba mai ita. Amma ya ɗebo ruwa a baho, ya ɗauki mai jan wuyan, ya sake shi da ladabi. Ƙwaron bai ko tsaya gaisuwa ba, ya wuce ƙasa ya yi ƙaras a gindin baho. Na biyu ya bi shi. Benson ya gwada duka goma sha biyun, don shi mutum ne da ba ya yarda da labari mara daɗi sai ya ji shi sau goma sha biyu.

Ya koma Makera. Malam Zakariyya'u ya jawo gwangwanin siraran ƙugiyoyin. Sai da Benson zai tafi ya ce, "Ka sassauta hannu wajen ɗauri, Tela. Siririya ba ta son ƙarfi."

Kwana biyu shago a rufe. Ƙugiyar ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, idon Benson kuma ba na da ba ne. Ya ɗora tabarau a kan tabarau, nasa da na marigayiya. Ya karya biyar saboda jan zare. Ya rage gashi, ya rage zare, ya rage duk wata kwalliya da yake taƙama da ita, har abin ya koma kamar sauron da bai ci abinci ba. Uku kawai ya gama. Ya saki ɗaya a baho, ya tsaya cak a kan ƙafafunsa na gashi, ruwan ya ɗan lotsa a ƙarƙashinsa. Benson ya juya zai kira Saratu ta zo ta gani.

Lydia ta tafi da ukun. Lahadi biyu suka wuce babu kira, ta uku wayar ta yi ƙara bayan an taso coci.

"Baba, Anti Lydia ta ba ni saƙo. Kai ka yi su da hannunka?"

"Wa zai yi? Na farkon duk sun nutse. Ka san siririyar ƙugiya ake so, ni kuma na je na..."

"Baba," in ji Tony. "Na daina fatsa fa. Hoton nan ya kusa shekara huɗu. Tun da na koma birni na sayar da kayan."

"Ka koma birni?"

"Shekara biyu ke nan. Na gaya wa Mama."

"Haka ne," in ji Benson. "Ta faɗa, ni na manta." Wataƙila ma ta faɗa ɗin, yana can yana yankan iska.

Shiru ya shiga tsakaninsu. Ga wurin da ya yi wata biyu yana nema, a buɗe. Ya ji maganar nan ta ƙofa ta taso masa, da nauyinta.

"To... ka sa ɗaya a ruwa mana, ko a kofi ne," in ji Benson.

Ya ji ƙarar famfo daga can ƙasar da bai sani ba, ya ji an ajiye kofi.

"Yana sama, Baba. Bai nutse ba." Akwai 'yar dariya a muryar, irin ta bakin kogi. "Ka iya fa."

"Tony."

"Na'am?"

"Yaya sanyi?"

"Da sauƙi. Baba, zan shiga aiki. Sai Lahadi."

Benson ya duba fuskar wayar. Minti huɗu da sakan goma sha ɗaya. Rabon da su kai haka tun Saratu na da rai, ya kamata mutum ya gode. Ya zauna a gaban keken ɗinki, ya jawo gwangwanin da ƙwari goma sha biyun nan suke, masu kyau, masu ƙarfi, waɗanda babu kifin da zai miƙar da su. Ya rufe. Sannan ya ɗauko ragowar siraran ƙugiyoyin, ya ɗora tabarau biyu, ya zare zare. Saura kwana bakwai Lahadi, kuma bai san wata hanyar fara magana ba.