Bebiyar Mota

Shekara talatin da ɗaya Baba Burushi ya yi yana rubutu a bayan motocin mutane, shi kuwa abin hawansa keke ne. Shagonsa yana ƙarshen layin masu gyaran mota, jikin garejin wani abokinsa da kowa ke kira Bakanike. Ɗaki ɗaya ne cike da gwangwanayen fenti da kwalaben kananzir da yake jiƙa burushi a ciki. Direba zai kawo tirela ko bas ya faɗi abin da ke cinsa a rai, Baba ya auna bayan motar da igiya, ya ja layi biyu da alli, ya zauna kan benci ya rubuta. Wanda ya zo da baki amma ba magana, Baba ne ke nemo masa. Shi ya rubuta wa wani mai tifa “Birkin Sabo Ne, Direban Ne Tsoho”, ya rubuta wa wani mai tasi “Saura Wata Huɗu In Gama Biya”, mutumin ya yi shekara tara yana yawo da shi.

Saboda haka bai san mota ta gaba ba, ta baya ya san ta. Kada ka wahalar da kanka kana faɗa masa kamfani ko lamba. In ka ce wane ya faɗa rami, abin da zai tambaye ka shi ne me ke rubuce a bayansa.

Kuma duk layin an san alkawarinsa. Ranar da ya yi tasa motar, in ji shi, abin da zai rubuta sai mutane sun taka birki sun karanta. An roƙe shi ya ɗan tsegunta, an saya masa shayi, an yi masa dabara iri-iri, ya ƙi. Ko matarsa ba ta sani ba, ita ma ta daina tambaya tun 'ya'yansu suna ƙanana. Abin da ba ta daina ba shi ne maganar da take raka shi da ita kullum da safe in ya turo keke waje: “Tafi a hankali, ana jiranka a gida.” Shi kuma ya ce to, ba don ya ji ba. Kunnensa ya saba da maganar kamar yadda ya saba da ƙarar ƙyauren gidan.

Gwiwa ce ta kawo zancen mota. Likita ya ce keken ya isa haka, ɗan abin da Baba ya tara kuma ya kai na kafin alƙalami. Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani kuma ta fi kowa a gidan iya lissafi, ta zaunar da shi a falo da takarda da biro ta ce hanya biyu ce. Ta farko banki: Bakanike ya samo wata shuɗiyar mota mai shekara goma, ƙofar baya a lotse, banki zai saya ya sayar wa Baba, ya riƙa biya duk wata har shekara huɗu, gyara da taya duk a wuyansa, amma ranar da ya gama ta zama tasa. Ta biyu haya: akwai kamfanin da zai ba shi sabuwa fil, ledar kujeru ma ba a cire ba, ya hau shekara uku, biyan wata bai kai na banki ba da kusan kashi ɗaya cikin uku, gyara nasu ne, in wa'adi ya cika ya miƙa makulli. Auta ta ja layi biyu a ƙarƙashin haya har biron ya kusa huda takardar. Gaskiya kuma in lissafi ake bi, yarinyar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Suka tafi kamfanin. Ofis ne mai sanyi, daɓen yana sheƙi har Baba ya riƙa taka shi da gefen ƙafa. Wata mata mai gilashi ta buɗe yarjejeniya ta shiga karantowa da muryar wadda ta karanta ta sau dubu. Akwai iyakar tafiyar da za a yi a shekara, Baba ya ce ba ya zuwa ko'ina. Ba a shan taba a ciki, ya ce bai taɓa sha ba. Ba a ɗaukar dabba, ya ce ba shi da ko kaza. Yana ta gyaɗa kai har suka iso sharaɗi na tara: ba a canza launi, ba a manna komai, ba a rubuta komai a jikin mota.

Kan Baba ya tsaya cak.

“Ranki ya daɗe, ko layi ɗaya?”

“Ko ɗigo, Baba.”

“Ƙanana fa, can ƙasa, kusa da lamba? Hannuna yana da kyau, a tambaya.”

“Ban ce ba shi da kyau ba. Motar tamu ce, kai hawa kawai za ka yi.”

Ya tambaya ko da alli, Auta ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Mai gilashi ta ga cinikin yana neman zamewa, sai ta ce suna ba da mota gwaji kwana uku, ya je ya ji daɗinta, ta tabbata ba zai so dawo da ita ba.

Daɗi kam akwai. Motar fara ce tas, ba a jin ƙarar injin, kujerar ta rungume masa baya kamar an auna shi. Sai dai hannun Baba ya shekara talatin bai rabu da fenti ba, akwai shuɗi da ja a gindin kowane farce, don haka ya sa safa a hannu biyu kafin ya kama sitiyari. Haka ya shigo layin masu gyara, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mutane suka fito kallo. Bakanike ya goge hannu ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya yaba tayoyi, sannan ya zo baya ya tsaya ya daɗe yana kallon farin ƙarfen.

“To, ina bakinta?”

Baba ya yi bayanin sharaɗi na tara. Bakanike ya girgiza kai cikin tausayi na ƙarya ya ce ashe bebiya aka ba shi. Kafin azahar sunan ya zagaye layin, har mai faci yana aiko da gaisuwa ga Bebiya. Abin da ya fi ciwo, wani sabon direba ya kawo bas a yi masa rubutu, ya dubi motar mai shagon ya ga ba ko harafi, ya tambaya a hankali ko an hana rubutu ne yanzu. Duk rantsuwar da Baba ya yi bai yarda ba, ya ja bas ɗinsa ya ce zai dawo in ya yi bincike.

Kwana na biyu da sassafe matarsa ta fito shara ta same shi tsugune a bayan motar. Raɓa ta kwanta a jikin but, shi kuma ya ja layi biyu da ɗan yatsa, miƙaƙƙu kamar da igiya aka ja su. Yana ganinta ya cire hula ya goge, ya ce ƙura yake dubawa. Ta ci gaba da shararta.

Kwana na uku ya ce zai kai matar tasa babban kanti, ita ma ta san an yi mota a gidan. Ya ajiye motar a filin ajiye motoci, suka shiga, suka fito da ledoji niƙi-niƙi. Nan Baba ya tsaya. Farare goma sha ɗaya ya ƙirga, iri ɗaya, dukkansu bebaye. Tun a kamfanin Auta ta nuna masa wani maɓalli a jikin makullin da ake dannawa mota ta amsa, amma a lokacin hankalinsa yana kan sharaɗi na tara. Sai ya yi abin da ya iya: ya bi layi yana duba bayansu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ɗansa cikin yara masu kaya iri ɗaya. Matarsa na biye tana cewa anya, yana ce mata ta bar shi, ya san motarsa.

Ta bakwai ya ja ƙofa ta buɗe. Ya ce ga ta nan, ya zuba ledoji a kujerar gaba, ya zauna, ya fara sa safa a hannu. Sai ya ji an yi gyaran murya a bayansa. Wata tsohuwa ce zaune da carbi, ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi safar.

“Kai ne sabon direban? An gaya maka ba na son gudu?”

Kafin ya gama ba da haƙuri mai gadi ya iso, ɗan tsohuwar ya iso, mutane sun fara taruwa ana tambayar me ya sa ɓarawon ya rufe hannunsa. Matarsa ce ta fid da shi. Ta ratsa taron ta nuna wata fara can layi na gaba ta ce ga tasu, ga lemarta a kan gilashi inda ta bar ta. Aka danna maɓalli, motar ta ƙyafta ido, taro ya watse da dariya. Har gida kafaɗar matar tana ta rawa saboda dariyar da take dannewa.

Washegari ya mayar da makulli. Auta ta zo da takardarta ranta a ɓace, kuma ba don taurin kai ba. Tsoro take ji. Ta ce shekara huɗu zai yi yana tsugunno a bayan motocin mutane da wannan gwiwar don ya ciyar da banki, ga tsohuwar mota da za ta riƙa cin kuɗi kamar mara lafiya, duk a kan layi ɗaya na fenti. Ya saurare ta har ta gama.

“Lissafinki daidai ne, Auta, ban ga inda kika kuskure ba. Amma shekara talatin ina ba motocin mutane baki. Ba zan zo kan tawa in hau bebiya ba.”

Ya sa hannu a takardun banki. Shuɗiyar ta iso layin tana tari, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa, amma Baba ya shafa lotsewar kamar yana shafa kan jika. Aka sa ranar rubutu. Duk layin ya ajiye aiki, har mai bas ɗin nan ya dawo ya tsaya a gaba. Baba ya wanke bayan motar, ya auna da igiya, ya ja layi biyu da alli, ya haɗa ruwan ɗorawa, ya zaɓi burushin da ya fi so, ya tsoma, ya ɗaga hannu.

Hannun ya tsaya a sama.

Ga gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har kansa. Ba magana ɗaya ya ɓoye ba. Ya sha samun mai kyau ya ajiye ta a ransa ya ce wannan tawa ce, sai wani direba ya zo ba shi da abin faɗa, ga kuɗin makarantar yara, ya ba shi. Ya sake samo wata, ita ma ta tafi a bayan tankar mai. Ta ƙarshe tun bara ya sayar da ita ga wata motar burodi. Ya ɗauka in motar ta zo maganar za ta zo. Ga mota, ga layi, ga jama'a, kansa kuwa fayau kamar bayan Bebiya.

Fenti ya fara ɗiga a kan takalminsa. Ya ce haɗin bai kwanta ba, sai gobe. Bakanike, wanda bai taɓa barin irin wannan damar ta wuce ba, wannan karon ya dubi fuskar abokinsa ya kori mutane ya ce kowa ya koma bakin aikinsa. Baba ya tuƙa motar gida da layi biyu na alli ba komai a tsakaninsu, kunya ta cika shi har wuya. Ya ɗauki bashin shekara huɗu saboda maganar da ba shi da ita.

Da safe ya fito jiki ba ƙwari, ya ɗaga ƙofa ya rufe, ya tada injin sau uku kafin ya kama. Matarsa ta biyo shi bakin ƙofa da tsintsiya a hannu kamar kullum.

“Tafi a hankali, ana jiranka a gida.”

Ya ce to, ya saki birki. Motar ta gangara kamar taku goma, sai ta tsaya. Ya kashe injin da ya sha wahalar tadawa, ya zauna yana kallon madubi. Keke ba ya da madubi, bai taɓa ganin abin da take yi bayan ta faɗa ba. Yau ya gani: ba ta koma ciki, tsayawa take tana kallonsa har ya sha kwana. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Ya fito ya buɗe but, ya ɗauko gwangwani da burushi, ya tsugunna a tsakiyar titi duk da gwiwar. Bai ko sake aunawa ba. Ta matso tana karanta harafi bayan harafi, har ya ɗiga aya. Ta sa gefen mayafi ta goge ido ta ce warin fentin ne.

“Malam, wannan ai maganata ce.”

“Taki ce.”

“Nawa kake karɓa wajen direbobi in kai ka nemo musu?”

Ya faɗa mata. Ta jingine tsintsiya, ta miƙo hannu. Baba Burushi ya laluba aljihu ya biya, bai nemi ragi ba.