Faɗuwar Mista Kazmarek

Da ƙyar muka hau bene na huɗu da talabijin ɗin, ni da Misis Petrucelli mai gidanmu. Mista Kazmarek, maƙwabcina, yana kwance da jaridar da ya zagaye sunan fim ɗin da jan biro: Lahadi, ƙarfe biyun rana.

"A hankali, 'yan mata," ya ce. "Ina ciki."

"Shekara ashirin kana ciki, Kaz," in ji Misis Petrucelli tana haki. "Yau dai za mu ga ƙarshen ƙarya."

Duk layinmu na Brooklyn an san labarin, ba wanda ya yarda. Wai a samartakarsa, da dambe ya ƙi shi, masu fim suka ɗauke shi don ya iya faɗuwa. Sau goma sha ɗaya jarumin ya kayar da shi kafin darakta ya gamsu, a na ƙarshe ya karya masa hanci da gaske. Sunansa bai fito a jerin 'yan wasa ba. Yanzu huhunsa ya ƙare, idonsa ma hazo yake gani. Ni ce mai kai masa miya in na taso daga wurin wanki, shi ya yi ta zuba, ni in yi shiru.

"Ke za ki duba mini, yarinya," ya ce da ni. "Ina fitowa ne can gaba. Bayan jarumin ya bar uwarsa a tasha. Baƙin wando, turmi na huɗu."

Fim ya fara, baƙi da fari, yana rawa. Mista Kazmarek ya riƙa riga 'yan wasan faɗin maganganunsu. Wannan ɗan wasan, giya ce ta kashe shi, ya ce. Waccan kyakkyawar albasa take ci kafin a sumbace ta. Jirgi ya tashi, uwar tana ɗaga hannu. Ya damƙe hannuna.

Sai tallar sabulu. Sai ta mota. Da aka dawo, jarumin har ya zama zakara, yana sanye da kwat. Ashe haka tashoshi ke datse tsofaffin finafinai don talla ta samu wuri.

"Kin gan ni?"

Misis Petrucelli ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Na gan ka," na ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ka faɗi da kyau."



"Ban ji ƙararrawar fara damben ba," ya ce. "Ba ki iya ƙarya ba, yarinya. Bar wa masu fim."

Ya saki hannuna, ya juya wa bango fuska.

Ranar Laraba da safe na tarar da miyar jiya ba a taɓa ba, shi kuma ya yi sanyi. Talabijin ɗin na kunne, ba sauti. Na kashe. Hoton ya tsuke ya zama ɗan farin ɗigo a tsakiyar gilashin. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace.