Man Shanun Iya

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, mijina Malam siriri ne kamar sillen kara. Shi ke ban ruwa a gonar alkama, shi ke gyara fangali, shi ke kuma limancin masallacin da ke jikin katangarmu, wanda ya gada a wajen mahaifinsa. Sai Allah ya yi buɗi. Ya fara sarin shinkafa yana kai wa inji a Kura, ya sayi babur, ya bar gona a hannun ƙanensa Suhaibu. Ga shi kuma liman: suna ne, ɗaurin aure ne, saukar karatu ce, cinyar rago tasa ce. An ce ba a mayar da hannun kyauta baya, Malam kuwa bai taɓa ko gwadawa ba.

Jiki ya yi ta zuwa, gari ya yi ta murna. A wajenmu tumbi shaida ce ta rufin asiri, matar gida kuma ita ake yabo. In na shiga biki sai in ji ana cewa, "Rabi'atu ta iya kiwon miji," ni kuwa in yi ta sunkuyar da kai ina jin daɗi. Wadda ta fi kowa murna ita ce Iya, mahaifiyarsa. Idonta ya yi yana, ba ta gani sosai, don haka kullum da safe in ya je gaishe ta sai ta kama damtsensa ta matsa. In ta ji hannunta bai zagaye shi ba, hankalinta ya kwanta. Baballe take ce masa, domin sunan surukinta ya ci.

Gwiwa ce ta fara kai ƙara. Da farko durƙusa wa Iya ya gagara, ya koma gaishe ta a tsaye yana dafe da bango. Daga baya sujada ta zama aiki: in ya kai ƙasa numfashi ya ɗauke, in zai tashi sai an kama shi. Ya koma sallah a kan kujera. Tun da masu tsayuwa ba sa bin liman na zaune, ya miƙa wa Suhaibu limanci, shi ya koma ƙarshen sahu a kan farar kujerar roba. Bai yi ƙorafi ba. Amma wata rana na shigo ɗaki na same shi da madubina yana shafa goshi. Tabon sallarsa, wanda yake baƙi ƙirin tun yana saurayi, ya dusashe har ya kusa ɓacewa. Ya ajiye madubin da sauri, ni ma na yi kamar ban gani ba. Ranar na tausaya masa ƙwarai.

Shekarar da aka yi ƙidaya jiri ya kwashe shi a gidan inji, aka kai shi asibiti a birni. Likitan ya ce a zo masa da mai dafa abincin, shi ya sa na je.

"Malam Hambali," in ji shi, "jininka ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Gwiwar ba ta da laifi, kaya aka ɗora mata. Zan rubuta maka magani, kafso ne, ka sha duk lokacin cin abinci. Amma ku saurare ni, musamman ke Hajiya." Ni da ko filin jirgi ban sani ba, amma na amsa. "Maganin nan ba ya narkar da tumbi shi kaɗai. Maiƙo yake tarewa a hanji, ya hana jiki shan wani kaso. In aka sha shi aka ci abu mai mai da yawa, man nan sai ya fita, kuma ba ya sallama. A rage mai, a rage tuwo, a riƙa tafiyar ƙafa, ku dawo duk wata in auna."

Malam tambaya ɗaya ya yi. "Likita, zan sake kai goshina ƙasa?"

"In ka daure, ina sa rai."

Ya kuwa daure, har ya ba ni mamaki. Mutumin da ba ya cin tuwo sai man shanu ya kwanta a kan miya, ya koma kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, da miyar kuɓewa fara sol. Tumatir da kabeji ba ma saye, daga gona ake kawowa. Kullum bayan hantsi ya fito sai ya bi bakin kanal a ƙafa har gadar da ake ratsawa zuwa Bunkure, ya dawo. Masu ban ruwa suna ɗaga kai suna tsokanarsa, "Malam, fetur ne ya yi tsada, ko babur ɗin ne ya yi yaji?" Ya yi dariya ya wuce. Aka yanke alkama, aka dasa shinkafa, na ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli.

Nan bakin mutane ya buɗe. Shekarun nan rediyo ba ta da zance sai ƙanjamau, kowa ya rame an gama masa hisabi. Mutum yana zuwa birni duk wata, yana dawowa da magani, yana zubewa: me kuma ake jira? Iyatu maƙwabciyarmu, wadda muke turara shinkafa tare, ita ta kawo wa Iya labarin, cikin sigar jaje. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Mu dai addu'a muke, Allah ya sa ba ciwon zamanin nan ba ne." Wadda ta yaba mini kiwon miji bara, ita ce bana take janye kwanonta daga nawa.

Na yi wa Iya bayani, Malam ya yi mata. Ta saurara, ta ce, "Ni ban taɓa jin an je asibiti neman rama ba. Mahaifinsa haka ya fara. Ina kama hannunsa yana raguwa, har ranar da na kama na ji ƙashi." Da safe in ta matsa damtsen Malam sai ta juya fuska bango.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba Malam ya kira ni ɗaki bayan walha. Ya shimfiɗa buzu, ya ce, "Rabi, tsaya ki gani." Ya sunkuya a hankali, ya kai gwiwa, ya kai goshi, ya jima, sannan ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Gumi yake, yana dariya kamar yaro. Ya yi kwanaki yana gwadawa a ɗaki, sannan ya gaya wa Suhaibu. Suhaibu ya ce, "Yaya, dama riƙo nake yi maka." Aka tsayar da magana ranar Alhamis shi zai ja Magariba.

Ranar da azahar na kai masa abincinsa, 'yar shinkafa da ganye. Ya haɗiye kafso ke nan, ya kai loma ɗaya, sai ga Iya tana lalube da bango, riƙe da kwanon samira. Rabonta da murhu an fi shekara. Tun kafin ta buɗe ƙamshi ya cika ɗakin: dambun shinkafa ne, ya sha soyayyen man shanu har yana ƙyalli.

"Baballe, yau za ka tsaya gaban mutane. Ba za ka tsaya musu kamar kazar da ruwa ya doka ba. Da hannuna na yi, ka cinye ina zaune."

Na ce, "Iya, likita fa ya ce..."

"Likita ne ya haife shi?"

Malam ya dube ni, na dube shi. Ya san abin da ke cikin kwanon, ya san abin da ya haɗiya. Amma tsohuwa ta hura wuta da idon da ba ya gani, ta ƙone yatsa, ga ta zaune tana jira. A gidan nan ba a taɓa mayar wa Iya da kwano ba. Ya yi bisimilla, ya cinye tas, tana sa masa albarka.

Da Magariba na shimfiɗa tabarma a gindin katangar masallaci, ni da Iya. Aka tayar da iƙama, sai ga muryarsa. Shekara biyu rabona da jin ƙira'ar nan, mai ɗan kauri, ba gaggawa. Ya yi Fatiha, ya yi sura, ya yi kabbara ya tafi ruku'u. Shiru. Shirun ya yi tsawo. Muryar da ta ɗago mutane daga ruku'u ta Suhaibu ce.

Ya shigo gida riƙe da hanci. Haka aka koya wa kowa: in alwalarka ta karye a cikin jama'a, ka kama hanci ka fita, a ɗauka haɓo ne, Allah ya rufa maka asiri. Ya wuce banɗaki bai dubi kowa ba. Iya ta ji takunsa.

"Rabi, me ya same shi?"

"Ya riƙe hanci, Iya."

"Haɓo? Inna lillahi! Har jini ya fara?" Ta fashe da kuka.

Washegari ba a wayi gari da zancen komai ba sai haɓon Malam. Dabarar da aka yi don rufin asiri ita ta zama hujjar masu gulma. Shi kuwa ya ƙi fita. Ya ce mini, "Ki ɗauke maganin nan. Kujera ma sallah ce, Allah ya yi rangwame. A gaban mihirabin mahaifina, Rabi! Ko sujada ɗaya ban kai ba." Na roƙe shi ya gaya wa Iya gaskiya, ya ce wane baki zai buɗe ya faɗa wa mahaifiyarsa irin wannan, bayan kuma ita za ta ga laifin kanta.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina wanke wandon da ya yi sallar da shi a bayan ɗaki, na ga man ya taso saman ruwa, ja-ja, yana yawo. Na ajiye kunyar surukuta a gefe, na je na kamo hannun Iya na kawo ta bakin baho.

"Iya, ku gafarce ni. Ku taɓa ruwan nan."

Ta tsoma yatsa, ta murza, ta ji santsi. "Wannan mai ne."

"Man shanunku ne na jiya. Ba haɓo ya yi ba. Maganin ba ya barin mai ya zauna a ciki. Yana sunkuyawa ya zubo."

Ta janye hannunta daga ruwan. Sannan ta tambaya, a hankali, "To wai shi me yake nema da wannan azaba? Mace ce ta ce ya yi ƙiba?"

"Sujada yake nema, Iya. Shekara biyu goshinsa bai taɓa ƙasa ba, sai kwanan nan a ɗaki. Tabon sallarsa ma ya goge."

Ashe ba ta sani ba. Ta san ya bar limanci saboda gwiwa, amma ita damtse take dubawa, ba ta taɓa kai hannu fuskarsa ba. Ta goge yatsanta da gefen zani, ta ce in kai ta ɗakinsa. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baballe, ina ƙwayar taka?"

"Na bari, Iya."

"Ban yarda ba. Ka ci abincina don kada raina ya ɓaci, yanzu kuma ka sha maganinka don kada raina ya ɓaci. Kuma daga yau in na kawo maka abin da zai cuce ka, ka ce mini a'a. Na yafe."

Da yamma ta aika a kira Iyatu, ta miƙa mata ƙwaryar man shanun gaba ɗaya. "Ungo, ke da kike da ƙoshin lafiya. Ɗana ramar sallah yake yi. In an tambaye ki, haka za ki faɗa, tun da ke ce gidan rediyon unguwa." Iyatu ta karɓa, don ba ta ƙin banza, ta fita tana yaƙe.

Malam ya koma birni ya gaya wa likita abin da ya faru. Likitan ya ce ba shi ne farau ba, ya kiyaye mai kawai. Ya ci gaba da bin bakin kanal. Gulmar ba ta mutu a rana ɗaya ba, amma mai ciwon ajali ba ya tafiya har gadar Bunkure a ƙafa ya dawo, kuma masu ban ruwa suna da ido.

Sai da shinkafa ta fara fitar da kai sannan ya yarda ya sake shiga gaba. La'asar ya zaɓa, ba a sanar da kowa ba. Muna gindin katanga, ni da Iya, muka ji kabbararsa. Ya tafi ruku'u, na riƙe numfashi. Ya ɗago. Ya sake kabbara, muka ji sahu ya zube ƙasa, shirun ya yi tsawo har wani tsoho ya yi gyaran murya. Iya ta damƙe hannuna. Sai muka ji "Allahu akbar," da muryarsa. Haka har raka'a huɗu.

Da ya shigo, kai tsaye wajen Iya ya nufa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta miƙa hannu kamar kullum, na zaci damtsen za ta kama. Ta wuce shi, ta lalubo fuskarsa, ta kai goshi. Masallacinmu ba siminti, rairayi ne, kuma ga shi nan ya manne masa da gumi. Ta yi ta shafa shi da yatsa, hawaye na bin kumatunta.

Malam ya ji kunya, ya ɗaga hannun riga zai share. Ta riƙe hannun.

"Bar shi, Baballe. Da wuya ka samo shi."