Gaisuwar Mai Tsaron Raga

Da Munir ya dawo daga Kanada, ya zo da sanduna, da takalman tafiya kan ƙanƙara, da wata hular ƙarfe mai rufe fuska. Ya ari ɗakin sanyi na wani mai kifi kusa da tashar jirgin ruwa, ya malala ruwa a ƙasa ya daskare, ya ce zai koya wa manyan unguwar Zongo wasan hoki.

Ƙanwarsa Batul ta zaɓi tsaron raga ne saboda hular. In ta sa ta, ba mai ganin fuskarta, balle ya ja ta da hira.

Munir ya koya mata tsayuwa: ta fito gaban raga kaɗan, ƙirjinta ya fuskanci mai bugu, idonta a kan baƙar robar da ake bugawa. In sa'o'inta ne ke bugu, ba abin da ke wuce ta. Amma da zarar Kawu Moumouni ya taho yana tangaɗi, sai ta sunkuyar da kai, ta ja gefe ta ba shi hanya. Kawu, wanda da ƙyar yake tsayuwa kan takalman, ya zama gwani, har yana ba da labarin kansa a kasuwar Assigamé.

Munir ya gaji. Ya ce in ta sake kaucewa, zai ba ƙawarta Zeinab hular, ita kuma ta fito tsakiyar fili fuska a buɗe.

"Yaya, ta yaya zan tsaya ƙiƙam gaban Kawu ina kallonsa?"

"Ban ce ki kalle shi ba. Robar za ki kalla."

Washegari Kawu ya taho yana murmushi. Batul ta fito gaba yadda aka koya mata, sai kunya ta kama ta. Ba damar kaucewa, ba damar tsayuwa. Ta zube kan gwiwoyinta.

"Ina kwana, Kawu."

Robar ta bugi ƙafarta ta tsaya.

Munir ya ce wannan durƙuson ne darasin da yake shirin koya mata nan gaba, don haka ƙwararrun masu tsaron raga ke tare robar.

Kawu ya sake bugawa, ta sake durƙusawa ta gaishe shi, robar ta sake tsayawa. Ya share gumi duk da sanyin, ya ce daga yau ya yafe mata gaisuwa.

Daga cikin hularta, Batul ta ce a hankali, ba haka aka rene ta ba.