Wanda Ya Riƙe Ragon Suna

Shekara biyu Bitrus mai haƙar rijiya ya yi a gidan Zayyanu a Dangoma, kwano ɗaya suke sa hannu. Da zai tafi wa'azin Kirista a ƙauyukan ƙasar Tailan, har tashar Kalgo Zayyanu ya raka shi.

Rannan Mufida, ƙanwar Zayyanu, ta miƙo masa waya. Ga bidiyon Bitrus a coci, yana ɗaga hoton Zayyanu yana cewa, "Waɗannan ma cikin duhu na tarar da su, ko sunan Isa Almasihu ba su taɓa ji ba."

Zayyanu ya kife wayar.

"Yaya, lafiya?"

"Mufida, ranar sunan ɗana Isa, wa ya riƙe mini ƙafafun ragon?"